Ayyukan cikin aji da ba sa cin kuɗi: wanne ne ya yi muku aiki?

UwarAjiHuɗu
Assalamu alaikum iyayena da yayyena malamai. Ina riƙe da aji huɗu a wata firamare ta gwamnati da ke bayan gari. Yara 87 ne a rajista, waɗanda ke zuwa kullum ba sa gaza 70. A zangon da ya wuce na gwada abu biyu, ina so ku auna min su.

Na farko, kanti na buɗe a kusurwar aji. Yara suka kawo gwangwanayen madara, fankon ashana, kwalin sabulu da na shayi, muka yanka takarda muka yi kuɗi. Biyu su zauna a kanti, sauran su zo saye, a yi ciniki a ba da canji, sannan kowa ya koma ya rubuta cinikin da ya yi a littafinsa da lambobi. Akwai wata yarinya mai tallan awara da yamma, tun farkon shekara ba ta taɓa cin lissafin ɗebewa a allo ba. Ranar da ta zauna a kanti, kafin in gama lissafi a zuciyata ta miƙa canji. Wallahi sai da na ji ƙwalla, domin shekara guda ina yi mata kallon wadda ba ta ja.

Na biyu, akwatin damuwa. Kwali na huda wa baki, na ce duk wanda wani abu ke damunsa ya rubuta ko ya zana ya jefa, ba sai ya sa suna ba. Ina buɗewa ranar Alhamis bayan an tashi. Wannan kam ya fi ƙarfina, abin da nake karantawa yana hana ni barci.

Wani abokin aikina ya ce duk ɓata lokaci nake, manhaja ba za ta ƙare ba, kuma ranar da masu duba makarantu suka zo ni ce zan sha faɗa. Shin gaskiyarsa ne? Ku kuma me kuka gwada a naku azuzuwan da ya yi wa yara amfani, a karatu ko a lafiyarsu da kwanciyar hankalinsu?

Abu_Sumayya
Wa alaikumus salam. Allah ya saka da alheri Malama, ya sa a mizani.

MalamBaWasa
Malama, kada ki ji haushi, amma ina bayan abokin aikinki. Shekarata 14 da alli a hannu. Darasi minti 35 ne. Kafin ki tsara yara 70 su yi layin kanti, minti goma ya tafi, kafin su natsu wani goman ya bi. Su nawa ne za su taɓa kuɗin a rana? Shida? Takwas? Sauran suna ta hayaniya. Irin waɗannan abubuwan a makarantar kuɗi mai yara 20 a aji suke kyau. Mu a ba mu kujeru da littattafai da albashi a kan kari tukuna.

UwarAjiHuɗu
Ba zan ji haushi ba Malam, ai don haka na tambaya. Ranar farko haka aka yi, hayaniya har ajin maƙwabta suka aiko. Daga baya na yi kanti huɗu, kowace kusurwa ɗaya, kuma sau biyu kawai a mako.

DanWudil
@MalamBaWasa maganar kujeru da albashi gaskiya ce, ba mai musu. Amma maganar "manhaja ba za ta ƙare ba" ita ce nake so mu tsaya a kanta. Idan ka ƙare manhajar aji huɗu a gaban yaron da bai iya haɗa b da a ya ce ba ba, wa ka ƙare wa?

Ni na shiga horon KaLMA, shirin inganta karatu da lissafi na jihar Kano, wanda aka fara a 2019 a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa. Tsarin daga Indiya ya samo asali, wata ƙungiya mai suna Pratham ta fito da shi, ana kiransa TaRL, wato a koyar da yaro daidai inda ya tsaya. An gwada shi a Borno ma kafin ya zo mana. Yadda ake yi: ka zauna da yaro shi kaɗai na 'yan mintoci, ka miƙa masa takarda mai haruffa, kalmomi, gajeren sakin layi da ɗan labari. Inda ya tsaya nan ne matakinsa. Sai a tara 'yan aji huɗu zuwa shida a raba su bisa mataki, a manta da ajin da suke na tsawon wani lokaci a kowace rana. Masu haruffa wuri ɗaya, masu kalmomi wuri ɗaya, masu labari wuri ɗaya. Bayan 'yan makonni a sake gwadawa, wanda ya ci gaba ya haye rukuni na gaba.

Ranar da na fara gwada ajina kunya ta kama ni. Yaran da ke amsa min da ƙarfi idan na karanta allo, ashe bakina suke bi. Da na keɓe su ɗaya bayan ɗaya, da yawa ko sunansu ba sa iya karantawa.

A lissafi kuwa kara muke amfani da shi. A yanka karan dawa ko tsinken tsintsiya, a ɗaure goma-goma da kyauro. Ɗauri ɗaya goma ne, sako-sako ɗai-ɗai ne. Idan aka ce 32 a ɗebe 17, yaro zai ga sako biyu ba za su isa a cire bakwai ba, dole ya kwance ɗauri guda. Abin da muke ce masa "aro" a allo ke nan shekara da shekaru ba tare da ya san me ake arowa ba. Kantinki Malama hanya ɗaya suka bi da wannan.

MalamBaWasa
To ai ku an ba ku horo, an sa muku lokaci a jadawali, masu sa ido suna zuwa. Ita fa ita kaɗai ce. Bambancin ke nan.

DanWudil
Wannan ka faɗi gaskiya. In ba hedimasta a ciki, abin ba ya zuwa ko'ina.

Baba_MaiRitaya
'Ya'yana, bari tsoho ya sa baki. Shekara 35 na yi, goma sha ɗaya a ciki ina hedimasta. Abin da kuke kira sabuwar dabara, mu da shi aka raine mu. A zamaninmu kowace firamare tana da lambu, kowane aji da kunyarsa. Akwai darasin aikin hannu, a yi igiya, a saƙa faifai, a gina tukunya. Akwai tebur a bayan aji da ake ajiye gashin tsuntsu, duwatsu, sheƙa, ƙwayar iri, duk abin da yaro ya tsinto a hanya. Da aka buɗe UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976 yara suka yi ambaliya, azuzuwa suka cika, malamai suka yi kaɗan, sannu a hankali duk aka watsar.

Ke 'yata, game da masu duba makarantu, ga shawarata. Ki rubuta kantin a cikin shirin darasinki. Ki sa makasudi: ɗalibi zai iya ɗebe lamba biyu daga lamba biyu. Ki sa kayan koyarwa: kanti da kuɗin takarda. Hedimasta ya sa hannu. Kuɗi da ciniki suna cikin manhajar lissafi ta firamare, ba daga waje kika kawo su ba. Duk jami'in da ya zo ya ga haka a rubuce ba shi da abin cewa.

UwarAjiHuɗu
Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ban taɓa tunanin rubuta shi ba. Gobe in sha Allahu.

Mushe_na_Maradi
Gaisuwa daga Nijar. Abin da Baba ya faɗi muna da irinsa a lakkol, wato makarantar boko, ayyukan hannu da na lambu, sai dai wuri da wuri ya bambanta. Ni a ajina na CE2, wato aji huɗu na firamare, zogale muka shuka. Kowane yara biyar da itacensu. Duk Litinin su auna tsawonsa da igiya, su ɗora igiyar a kan ma'auni, su rubuta santimita. Cikin mako biyu ya tsiro, kafin wata uku wasu sun kai ƙirjin yaro. Daga nan suka fahimci mita da santimita, abin da na sha fama da shi a allo. Ganyen kuma mata masu dafa abinci suka yi kwaɗo da ƙuli.

Matsala biyu: awaki da ruwa. Sai da COGES, wato kwamitin iyaye da ke kula da makaranta, suka kawo ƙaya aka yi shinge. Hutun damina kuwa da sauƙi, ruwan sama na yi mana ban ruwa.

Abu guda da ba na wasa da shi. Ajina na zana ne. Kun san abin da ya faru a Yamai a watan Afrilun 2021, da wanda ya faru nan Maradi a watan Nuwamba na wannan shekarar, gobara ta cinye azuzuwan zana, yara ƙanana aƙalla ashirin suka rasu a kowanne. Tun daga nan duk wata ina yi wa yara atisayen fita. In buga gwangwani sau uku, kowa ya bar jakarsa ya bi ƙofar da aka ba layinsa, mu haɗu ƙarƙashin bedi, wato dogonyaro, a ƙirga. Na kuma buɗe wa ajin ƙofa ta biyu. Ranar farko wajen minti uku suka yi, yanzu ba sa kai ɗaya.

Ummu_Hanan
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan yaran nan, ya sa masu ceto ne. Mushe Allah ya biya ka.

Bazamfara
Amin. Mu a nan ba gobara ce tsoronmu ba, kun san halin da muke ciki. Akwai yara a ajina da suka baro ƙauyukansu da dare. Wani in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya shige ƙarƙashin benci. Wata tun da ta zo ba ta yi magana ba sai da ta yi wata biyu. Ni abin da nake yi ba shi da suna. Minti goma na farko ba na taɓa alli. Mu gaisa, in kira sunan kowa, mu ja numfashi a hankali sau biyar, sai wani ya yi mana tatsuniya ko kacici-kacici. Yarinyar da na ce ba ta magana, ranar da ta fara buɗe baki "ta zo mu ji ta" ta ce tare da sauran. Na daina riƙe bulala kwata-kwata, domin ɗaga ta kawai yana firgita wasu.

Nas_Talatu
Ni ba malama ba ce, ma'aikaciyar jinya ce, ƙanwata ta sa ni a nan. Akwatin nan nake so mu koma kansa, domin Malama ta ce yana hana ta barci kuma ba wanda ya tambaye ta me ta gani. Malama, ba sai kin faɗi abin da zai tona asirin yaro ba, amma wane iri ne?

UwarAjiHuɗu
Na gode Anti. Mafi yawa yunwa ce. "Ban karya ba." Wasu sun zana kwano babu komai. Sai masu ƙarar monita yana dukansu yana ƙwace musu kuɗin tara. Wannan na magance, na sauke shi, yanzu monita na juyawa duk mako. Akwai wanda ya rubuta ba ya ganin allo. Sai guda ɗaya da ta shafi wani babba a gidansu. Ba suna, amma na gane rubutun. Ita ce ta tsaya min a rai.

Nas_Talatu
To ƙanwata, saurara. Wannan ta ƙarshen kada ki riƙe ta ke kaɗai, kuma kada ki tunkari gidan ke kaɗai. Ki samu yarinyar a keɓe, inda ba za a lura ba, ki ce kin ga takardarta kuma ba ta yi laifi ba. Ki bar ta ta faɗi iya abin da take so, kada ki yi ta tono da tambayoyi. Kada ki yi mata alkawarin ba za ki gaya wa kowa ba, ki ce za ki gaya wa wanda zai taimaka kawai. Ki rubuta abin da ta faɗa da kalmominta da kwanan wata. Daga nan hedimasta, sai jami'in jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. Idan akwai alamar rauni a jiki, asibiti a ranar.

Duk mai son ajiye irin wannan akwati, ya fara sanin inda zai kai abin da ya fito daga ciki. Yaron da ya yi ƙarfin hali ya rubuta ya ga shiru, da wuya ya sake gaya wa wani.

Mai cewa ba ya ganin allo kuwa nasa da sauƙi. Ki nemi takardar gwajin ido mai harafin E a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. Ki manna a bango inda akwai haske, yaro ya tsaya mita 6, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya nuna da yatsu inda ƙafafun harafin suka fuskanta. Ko wanda bai iya karatu ba zai yi. Wanda ya kasa ƙananan layuka ki dawo da shi gaba, ki aika wa iyayensa su kai shi a duba.

MalamBaWasa
Kun ga abin da nake gudu. Yanzu malama ta zama nas, ta zama alƙali, ta zama mai ciyarwa. Duk a kan albashin da ba ya kai ashirin ga wata. In abu ya ɓaci a gidan yarinyar nan, wa zai tsaya mata?

Hajiya_ShugabarIyayeMata
Malam, mu za mu tsaya mata, aikinmu ke nan. Malama, makarantarku ba ta da SBMC ne, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta? Ai a kowane kwamiti akwai mata, akwai wakilin mai unguwa da liman. Irin wannan magana mu tsofaffi mun san yadda ake shiga gida da ita ba tare da an fasa ƙwai ba, kuma in ta kama a kai gaba a kai. Amma hedimasta ya fara sani kamar yadda Nas ta ce.

Batun yunwa, ga abin da muka yi. Lokacin da ciyarwar gwamnatin tarayya da aka fara a 2016 take tafiya ma, 'yan aji ɗaya zuwa uku kawai take ɗauka, 'yan aji huɗu suna kallo. Da ta tsaya sai muka kafa asusun kunu. Da kaka kowane gida mai hali ya ba da tiya ɗaya ta gero, masu shago su ba da sukari da tsamiya. Mata biyu ke damawa, muna karɓa-karɓa. Ba ma ware 'ya'yan marasa hali, kowa kofi ɗaya, don kada a nuna wani da yatsa. Ba kullum ba ne, Litinin da Laraba. Malamai da kansu suka ce ranakun nan aji ya fi cika.

Abu_Sumayya
Hajiya tiya nawa kuke ci a rana?

Hajiya_ShugabarIyayeMata
Ya danganta da kaurin kunun ɗana. Ka turo min saƙo in haɗa ka da mai damawar.

Sakkwatawa_Kwance
Ni tambayata ga @DanWudil. Gwajin nan da Hausa kuke yinai ko da Turanci? Don mu nan da aka kawo shirin koyon karatu na Mu Karanta a Sakkwato da Bauchi, da Hausa aka fara, kuma na ga banbanci. Yaro na karanta abin da yake ji, in ya kai ƙarshen layi sai ka ga ya yi murmushi don ya gane.

DanWudil
Da Hausa ake farawa. Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, shi ya sa yaro ke saurin kamawa. Wanda ya kai matakin labari a Hausa, Turanci na zo masa da sauƙi don ya riga ya san haruffa sauti suke ɗauka.

Injiniya_Kd
Ni a nan nake da ja. Jarrabawar shiga sakandare da Turanci ake yi, WAEC da JAMB ma haka. Kuna jinkirta wa 'ya'yan talakawa, alhali 'ya'yan masu kuɗi tun nazare suke Turanci.

Sakkwatawa_Kwance
Injiniya, shigo aji ukku na ƙauye ka yi minti 30 da Turanci zalla, ka ga ko mutum nawa za su bi ka. Ba wanda ya ce a bar Turanci. Tsani ne, daga matakin ƙasa ake hawa.

Baba_MaiRitaya
Wannan gardamar ta girmi yawancinku. A buɗe mata zaure nata daban, kada ta cinye tambayar Malama.

Anti_Dinki
Bari in kawo nawa kafin a wuce. Ƙaramar sakandare ta 'yan mata nake koyar da tattalin gida. Na lura wasu ɗalibai duk wata sai sun ɓace kwana uku ko huɗu. Da na bincika a hankali, kuɗin audugar mata ne babu, kuma suna tsoron tabo a farin wando. Sai na mayar da darasin ɗinki na zangon ya zama ɗinka ƙunzugu mai wankuwa. Yadin auduga mai laushi, tsohon tawul mai tsabta a tsakiya, leda mai kauri a ƙasa don kada ya zarce, maɓalli a fukafukai. Da zare da allura, ba keke. Kowace ta ɗinka uku da 'yar jakar ajiya. Muka yi magana a kan wanki da sabulu da shanya a rana har ya bushe sarai, domin wanda bai bushe ba cuta yake kawowa. Na fara sanar da iyaye mata kafin in fara, shi ya sa ba a samu surutu ba. Wasu iyayen ma sun aiko a koya musu.

A aljihun teburina kuma akwai hijabi da zane na ko-ta-kwana. Wadda abin ya zo mata ba shiri ta zo ta raɗa min kawai.

Ummu_Hanan
Anti don Allah ki saka hoton yadda ake yankawa. 'Yata tana aji biyu.

Anti_Dinki
Zan saka da daddare in na koma gida.

Nas_Talatu
Ƙari kaɗan ga mai lambu da masu kunu: a haɗa da wurin wanke hannu. Jarka mai lita biyar, a huda ta kusa da baki da ƙusa mai zafi, a rataye a sanda, a ɗaura igiya daga bakinta zuwa wani itace a ƙasa. Yaro ya taka, jarka ta karkata, ruwa ya zubo. Sabulu a rataye da igiya, in babu a sa toka. Yara da kansu za su haɗa.

MalamBaWasa
Na karanta duka. Har yanzu ina kan bakata cewa gwamnati ta sakar mana kaya muna ɗauka da hannu biyu. Kuma duk abin da aka lissafa a nan, in malamin ya samu canjin wurin aiki, shi ke nan ya mutu. Na ga lambuna nawa da suka zama juji. Amma gwajin karatun ɗaya bayan ɗaya zan yi, ina so in san su nawa ne ke bin bakina. @DanWudil turo min takardar.

DanWudil
Na tura. Ka yi shi a inuwa a waje, sauran ka ba su aiki, kuma kada ka ce musu jarrabawa ce.

Mushe_na_Maradi
Maganar mutuwar aiki in malam ya tashi gaskiya ce. Shi ya sa na damƙa zogalen ga 'yan CM1, wato aji biyar, su ne ke koya wa na ƙasa da su awo. Ko za ya ɗore bayan na tafi, Allah masani.

UwarAjiHuɗu
Na dawo da bayani. Na rubuta kantin a shirin darasi kamar yadda Baba ya ce, hedimasta ya sa hannu, har ya ce malamin aji uku ya zo ya gani ranar Laraba. Na samu yarinyar jiya lokacin tara. Ta yi magana. Hedimasta ya sani, shugabar iyaye mata ta makarantarmu ta sani, gobe za mu je ofishin ƙaramar hukuma tare. Ku sa ta a addu'a. Akwatin na ɗauke shi tukuna sai mun zauna mun tsara wanda zai riƙa buɗewa tare da ni.

Takardar gwajin ido ce ban samu ba, asibitin unguwarmu sun ce tasu ɗaya ce. Anti Talatu, in na sa aka buga min a shagon kwamfuta zai yi, ko girman haruffan zai canza?

Nas_Talatu
Zai iya canzawa in suka rage ta don ta shiga takarda. Ki ce su buga da ainihin girmanta, sannan ki kai asibitin ki ɗora a kan tasu ki gani ko sun yi daidai. Allah ya kare yarinyar nan.